Maganin Tamowa: Kwana Ɗaya na Likita, Kwana Shida na Gida

Yau hirarmu ta lafiya za ta kai mu ƙasar Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Za mu sauka Tagriss, ƙasar manoma da makiyaya. Maganar da za mu yi ta shafi mutanen Tagriss, ta shafi mutanen garinku. Magana ce a kan ciwon tamowa, da yadda yaro ke warkewa daga gare shi.

Ɗan'uwa mai karatu, ka karanta sannu a hankali. In ka gama, ka karanta wa iyalinka. Ƴar'uwa, in ke ce ke riƙe da takardar, ki karanta wa mai gida da kakar yara.

Bari mu fara da misali. Ga yara biyu, garinsu ɗaya, ciwonsu ɗaya. An kai su gidan likita rana ɗaya. An auna su, an ba su magani iri ɗaya. Bayan sati 6, ɗaya ya murmure, yana guje-guje a tsakar gida. Ɗayan kuwa yana nan jiya i yau, har an ce a wuce da shi asibitin Dakoro. Me ya raba su?

Wani lokaci ciwon ɗayan ne ya fi ƙarfi, ba laifin kowa. Amma sau da yawa amsar tana gida. Yaron da ake yi wa maganin tamowa, sau ɗaya likita ke ganin sa a sati. Sauran kwana 6 yana hannun uwa da uba. Likita na da nasa aiki: awo da magani. Gida na da nasa aiki: yadda ake ba da maganin, da ciyarwa, da tsabta, da kulawa. In ɗaya ya gaza, ɗayan ba ya isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mene ne tamowa?

Tamowa ciwo ne da ke kama yaro in jikinsa bai samu abincin da zai gina shi ba, ko in wani ciwo ya hana abincin zama a jikinsa. Ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2. Amma har ɗan shekara 5 bai tsira ba.

Yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce rama. Yaro ya bushe, haƙarƙari ya fito, fatar ɗuwawu ta saki, fuska ta zama kamar ta tsoho. Ta biyu ita ce kumburi. Ƙafafu su kumbura, wani lokaci har hannu da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi. Kada ka ga kumburi ka ce ƙiba ce. Ruwa ne ya taru a jiki, kuma yana da haɗari ƙwarai.

Tamowa ba ta tafiya ita kaɗai. Abokan tafiyarta su ne zawo da masassara da ƙyanda da ciwon haƙarƙari. Yaro mai masassara ba ya cin abinci. In bai ci ba, sai ya rame. In ya rame, jikinsa ba ya iya kokawa da ciwo, sai wani ciwon ya shigo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙasar Dakoro damina gajera ce. Kowa ya san lokacin da rumbu ke yin ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, sabo kuma bai nuna ba. Lokacin ne mata ke wuni a gona. Lokacin ne sauro ke yawa. Shi ya sa daga tsakiyar damina zuwa kaka gidajen likita ke cika da yara masu tamowa.

Ke ma kina iya ganewa

Aikin gida yana farawa tun kafin a je likita. Akwai awo biyu da kowace uwa ke iya yi.

Na farko, awon damtse. Akwai ɗan zare mai faɗi na roba, mai launi uku: kore, rawaya da ja. Ana naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro na hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kada a matse, kada a saki. Ana yi wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna kore, damtse ya kai santimita 12 da rabi ko ya fi, yaro yana lafiya. In ya nuna rawaya, tamowa ta fara shiga. In ya nuna ja, damtse bai kai santimita 11 da rabi ba. Wannan tamowa ce mai tsanani. A tafi likita a ranar.

Na biyu, matsa ƙafa. Ki sa babban yatsanki a bayan ƙafar yaro, ƙafa biyu a lokaci ɗaya. Ki danna, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, ki ɗaga. In rami ya zauna a ƙafa biyu, kumburin tamowa ne. Shi ma a tafi likita a ranar, ko da awon damtse ya nuna kore.

Wani zai ce, wannan ai aikin masu ilimi ne. To, saurara. A shekarar 2013 zuwa 2014, a ƙasar Mirya cikin jihar Damagaram, ƙungiyar BEFEN ta Nijar da ƙungiyar ALIMA sun koya wa uwaye sama da dubu 12 wannan awo. Aka gwada aikinsu da na ma'aikatan lafiya na ƙauyuka. Aka tarar uwaye ba su gaza ba. A inda uwaye ke awo da kansu, yara sun fi zuwa likita da wuri, kuma waɗanda aka kwantar asibiti sun fi ƙaranci. Dalili a fili yake: uwa tana tare da ɗanta kullum. Daga Nijar wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Ranar likita

A da, duk yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi asibiti, shi da uwarsa, har kusan wata guda. Uwa ta bar gona, ta bar sauran yara. Da yawa ba sa iya jurewa, sai su ɗauke yaro su koma gida magani bai ƙare ba. Da yawa kuma ba sa zuwa ma sam.

A shekarar 1996, wasu mutum biyu a Faransa, likita André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa wani abinci mai magani. Sunansa Plumpy'Nut. A ƙasarmu mata na ce masa biskit. An yi shi da gyaɗa da garin madara da sukari da mai, an zuba masa sinadaran gina jiki. Kowane ƙunshi giram 92 ne. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, kuma ba ya saurin lalacewa. Saboda haka ana iya ba uwa ta tafi da shi gida.

Manya ba su manta da shekarar 2005 ba. Ruwa ya gaza a daminar 2004, fara ta yi ɓarna, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinya a Maraɗi da Dakoro da wasu garuruwa. Ta karɓi yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Mafi yawansu a gida suka sha magani, ana kawo su awo sati-sati. A jihar Maraɗi, cikin kowane yara 100 da ta karɓa, sama da 90 sun warke. Duniya ta ga abin da uwayen ƙasar nan suka yi. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da wannan hanya ta jinya a gida.

To, me ake yi ranar likita? Ana auna nauyin yaro da tsawonsa da damtsensa. Ana duba ƙafarsa. Ana tsaga ɗan yatsa a ɗauki ɗigon jini don neman masassarar sauro. Ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yaro mai tamowa yakan ɗauki ciwo a jiki ba tare da jikin ya yi zafi ba. Ana duba takardar rigakafinsa.

Daga nan sai gwajin ci. A ba uwa ƙunshi ɗaya, ta wanke hannu, ta koma gefe ta ba shi a hankali. In ya ci sosai, kuma ba shi da wani babban ciwo, sai a ba ta na sati guda ta tafi gida. Wannan shi ne ake kira CRENAS. In ya ƙi ci, ko yana da ciwo mai nauyi, sai a tura shi babban asibiti a kwantar. Wannan shi ne CRENI.

A can asibiti ba a fara wa yaro da abinci mai nauyi. Ana fara masa da wata madara mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, kowace awa 2 ko 3, dare da rana. Me ya sa? Domin yunwa ta raunana zuciyarsa da hantarsa da hanjinsa. In aka cika masa ciki farat ɗaya, yana iya mutuwa. Saboda haka, ƴar'uwa, in kin ga madarar ta yi miki kaɗan, kada ki ƙara masa fura ko tuwo a ɓoye. Kada kuma ki bar madarar dare ta wuce don barci. Ki rungume shi a jikinki, ki lulluɓe shi, domin yaro mai tamowa sanyi na saurin kama shi, ko da bazara ce.

Kwana shida na gida

Yanzu mun dawo gida da biskit a cikin jaka. Ga abin da ya rage a hannunku.

1. Biskit magani ne, na yaro ɗaya. Likita ya ƙirga ƙunshin gwargwadon nauyin mai ciwo. In aka raba shi da yara uku, kowa ya samu lasa, ba wanda ya samu magani. Mun san abin da wuya. Sauran yara suna kallo, su ma ba su ƙoshi ba. Dabara ita ce a fara ba sauran yara furarsu ko kununsu, sannan uwa ta shiga ɗaki da mai ciwo.

2. Ba a sayar da shi. Kyauta ake ba da shi. Wanda ya kai shi kasuwa, naman jikin ɗansa ya kai.

3. In yaro na shan mama, a fara da mama, sannan biskit. Kada a yaye yaro yana cikin ciwo. Ko uwa ta samu wani ciki, nononta bai lalace ba. Yaye na rana ɗaya, a ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, yana cikin abubuwan da ke jefa yara cikin tamowa.

4. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Mai tamowa ba ya marmarin abinci. A rarrashe shi, a jira shi. Ba a yi masa ɗura, ba a toshe masa hanci, domin abinci na iya bi ta hanyar numfashi.

5. Kada a dama biskit cikin ruwa ko kunu. A yaga bakin ƙunshi, yaro ya tsotsa. Amma a ba shi ruwa mai tsabta ya sha, domin biskit na sa ƙishirwa.

6. A wanke hannu da sabulu kafin ba da abinci, da bayan wanke wa yaro kashi, da bayan fitowa daga ban ɗaki. Hannun yaron ma a wanke. Zawo ɗaya na iya zubar da nauyin da aka tara a sati biyu.

7. Maganin sha da likita ya bayar, a ƙarasa shi har kwanakin da ya faɗa, ko da yaro ya ji sauƙi.

8. A koma awo kowane sati. Ba uwa ke sallamar yaro ba, ba uba ke sallamar sa ba. Awo ke sallamar sa. Yawanci magani kan ɗauki sati 4 zuwa 8. Yaro yakan fara dariya da wasa tun naman jikinsa bai gama dawowa ba. A nan ne da yawa ke yin kuskure, su daina zuwa.

Akwai alamun da ba a jiran ranar awo. In yaro ya ƙi mama ya ƙi biskit. In yana amai da duk abin da ya ci. In zawo ya yi yawa. In jiki ya yi zafi ƙwarai, ko ya yi sanyi. In numfashi ya yi sauri. In kumburi ya ƙaru. In yana jijjiga, ko yana barcin da ba ya tasuwa. Ko da dare ne, a nemi amalanke ko kabu-kabu. Kada a tsaya cire beli ko tsaga ko jiƙo. Jikin da ya raunana ba ya jure zubar jini, kuma kowace rana da aka ɓata ciwo gaba yake yi.

Wasa ma magani ne

Ga wani magani da ba ya cikin kwalba. Kun lura yaro mai tamowa yakan yi shiru? Ba ya kuka sosai, ba ya dariya, ba ya kallon mutane. Sai a ce yaro ne mai haƙuri, a ajiye shi gefe. Wannan shirun ciwo ne. Ƙwaƙwalwar yaro tana girma da sauri a shekara biyun farko. Abinci ke gina ta, amma magana da wasa ke buɗe ta.

An gwada wannan a wata ƙasa mai nisa, Jamaika, a birnin Kingston. A shekarar 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Aka kasa su huɗu. Kashi ɗaya aka ba su madara. Kashi ɗaya, ma'aikaciyar lafiya na zuwa gida awa ɗaya kowane sati, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Kashi ɗaya suka samu madara da wasa. Kashi ɗaya kuma duba lafiya kawai ake yi musu. Aka yi haka shekara 2. Waɗanda suka samu madara da wasa tare su suka fi kowa ci gaba.

Bayan shekara 20 aka sake neman yaran, sun zama manya. Aka tarar waɗanda aka yi wa wasa sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun kuɗin aiki da kashi 25 cikin 100. Wato in wancan ya samu jikka 4, wannan ya samu jikka 5. Kayan wasan kuwa ba na kanti ba ne. Da tarkacen gida aka yi su.

Kai ma kana da su. Ga gwangwani da ƴan tsakuwa a ciki, a rufe bakin da kyau. Ga ƙoƙo da ludayi. Ga ƴar tsana ta tsumma. Ki kira sunansa. Ki nuna masa akuya ki ce akuya, ki nuna masa wata ki ce wata. Ki yi masa tawai, ki tafa masa. In ya yi gwalantu, ki amsa masa. In ƙarfi ya fara dawowa, ki sauke shi daga goyo ya yi rarrafe a kan tabarma mai tsabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da nuna ƙauna cikin matakai 10 na jinyar tamowa mai tsanani, tare da madara da magani.

Ina mai gida?

Ɗan'uwa, kada ka ce duk wannan maganar mata ce. Daga ƙauyukan Tagriss zuwa gidan likita tafiya ce, zuwa asibitin Dakoro kuma ta fi nisa. Wa zai ba da izini? Wa zai ɗaura wa jaki amalanke? Wa zai duba sauran yara in an kwantar da uwa? Sau da yawa mace ta ga ja a awon damtse, amma tana jiran mai gida ya dawo daga gona ko daga bida. In za ka yi tafiya, ka bar magana: duk ranar da yaro ya yi ciwo, a kai shi likita, kada a jira ni. Ka bar kuɗin hanya a hannunta. Ka sani kuma, tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati.

Ranar awo, ka sauke mata aikin gona. Mace mai shayarwa ita ma tana bukatar ci. Uwar da ta gaji, ta yi yunwa, ranta a ɓace, ba ta da ƙarfin rarrashin mai ciwo. Kuma kada kowa ya yi mata gori. Tamowa ciwo ne kamar kowane ciwo. Gori ke sa mace ta ɓoye ɗanta a ɗaki har lokaci ya ƙure.

Iya kaka, ke ma muna roƙon ki. Maganarki ake ji a gida. In kika ce a tafi likita, za a tafi.

Bayan sallama

An sallami yaro, awo ya nuna kore. Madalla. Amma wanda ya taɓa yin tamowa yana iya komawa, musamman a watannin farko. A ci gaba da auna damtsensa a gida.

Jariri, a sa shi mama tun awa ta farko. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, kada a zubar, rigakafi ne. Har wata 6, mama kaɗai, ba ruwa, ba bauri. Daga wata 6 a ƙara kunu, a ci gaba da mama har shekara 2. Kunun hatsi zalla mai ruwa-ruwa yana cika ciki, ba ya gina jiki. A yi shi da kauri, a zuba garin wake ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da ɗan mai. In akwai nono ko ƙwai ko hanta ko ganyen zogale, a ba shi. Daga wata 9, ya ci sau 3 ko 4 a yini, cikin nasa ƙoƙon, don a ga abin da ya ci.

Da damina kuma a kwana cikin gidan sauro. Tun shekarar 2013 aka fara raba wa yara maganin rigakafin masassara a Nijar, daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata cikin damina. Kowane zagaye na kwana 3 ne. Na ranar farko, masu rabo ke ba yaro. Na rana ta biyu da ta uku, ke za ki ba shi. Kin gani? Nan ma rana ɗaya ta likita ce, sauran na gida.

Tambayoyi don tattaunawa

1. In awon damtse ya nuna ja, me za a yi, kuma yaushe?
2. Me ya sa ba a raba biskit da sauran yara? Wace dabara ce za ta yi a gidanku?
3. A garinku, me ke hana uwaye komawa awo kowane sati? Me maza za su yi a kai?
4. Wane abin wasa za ka iya yi wa ɗanka da abin da ke cikin gida?

Ku tattauna, ku rubuta amsoshinku da hannunku. Wanda ke da zaren awo, ya auna yaran gidansa yau, ya ara wa maƙwabta. Wanda ba shi da shi, ya tambaya a gidan likita mafi kusa.

Mu kwana nan. A gai da iyali, sai mun sake saduwa.